Daga Akushi Zuwa Kula: Tarihin Riƙe Zafin Abinci a Birnin Sakkwato

Gabatarwa

Masana tarihin Sakkwato sun fi mai da hankali ga jihadi da sarauta da littattafan malamai, kuma sun yi daidai, domin a kan waɗannan abubuwa ne aka kafa garin. To, amma akwai wani ɓangare na rayuwar jama'a wanda ba a cika waiwayarsa ba, watau abin da ke faruwa tsakanin murhu da bakin mai ci. Tun daga lokacin da Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809 har zuwa yau, kowace uwargida a Sakkwato tana fuskantar tambaya guda a kowace rana: yaya za a yi tuwon da aka kwashe da la'asar sakaliya ya kai bayan isha'i da zafinsa? Wannan lacca za ta bi sawun amsoshin da aka ba wa tambayar, daga akushi da faifai zuwa langa, daga langa zuwa fulas da kula, har zuwa durowar ɗumi mai aiki da lantarki wadda ake gani a gidajen masu hali da manyan otel. Za a nuna cewa hanyoyin duka iri biyu ne. Akwai hanyar tsare zafin da abinci ya fito da shi daga tukunya, akwai kuma hanyar ci gaba da ba shi wuta kaɗan-kaɗan. Daga ƙarshe za a duba abin da wannan tarihi yake nufi ga lafiyar mutane da kuma itacen girki.

Tazara Tsakanin Murhu da Mai Ci

Kafin a yi zancen mazubi, ya kamata a gane dalilin da ya sa abinci yake jira a gidan Bahaushe. Dalili na farko shi ne tsarin ginin gida. Murhu yana can cikin gida wurin mata, maigida kuwa da baƙinsa suna zaure, kuma a gidan babban malami ko basarake akan ratsa soraye biyu ko uku kafin a isa. Dalili na biyu shi ne ciyayya, inda magidanta na unguwa ɗaya kan taru a ƙofar gidan babbansu, kowa a kawo abinci daga gidansa a ci tare. Abincin da zai fita ciyayya ba sirri ba ne, kowa zai gan shi, ya taɓa, ya san ko da zafinsa ya zo, saboda haka mutuncin matar da ke da girki yana cikin akushin. Na uku shi ne lokaci. Akan gama tuwon dare kafin magariba, amma sau da yawa ba a zama ci sai an sallame isha'i, da damina kuma sai an kai wa manoma abincin rana gona ko fadama.

A Sakkwato akwai dalili na huɗu, watau baƙi. Bayan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a garin a 1815, da kuma bayan rasuwarsa a 1817, Sakkwato ta zama matattarar ɗalibai da manzannin sarakuna da masu ziyara daga ko'ina cikin daula. Al'ada ce a saukar da baƙo a wani gida, a riƙa aika masa da abinci daga gidan Sarkin Musulmi ko na Waziri. Baturen nan Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya kula da saukarsa. Ya rubuta cewa ana kawo masa abinci daga gidan Sarkin Musulmi Bello a cikin farantan ƙarfe masu tambarin Landan, wata rana ma an kawo masa nama a cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila. Wannan ɗan labari yana nuna abu biyu. Na ɗaya, abinci yana tafiya mai nisa a cikin gari kafin a ci. Na biyu, kwanukan Turai sun riga Turawan mulki isowa Sakkwato da shekara kusan 80 ta hannun fatake, sai dai a wancan lokaci kayan fada ne, talaka bai san su ba.

Akushi, Ƙwarya da Faifai

Mazubin tuwo na asali shi ne akushi, wanda masassaƙa ke fafewa daga guntun itace irin su ɗanya, a ƙona bayansa da ƙarfe mai zafi har ya yi baƙi, sa'an nan a shafe shi da mai. Mutanen da ba su karanta kimiyya ba, amma zaɓin da suka yi ya dace da ita. Zafi yana gudu daga abinci ta hanyoyi sanannu: yana ratsa jikin mazubi ya fita, iska tana kwashe shi daga sama, tururi kuma yana tashi da kaso mai yawa. Itace ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri, shi ya sa yaro zai ɗauki akushin tuwo mai tururi da hannu biyu bai ƙone ba, alhali kwanon ƙarfe sai an sa tsumma. Kaurin akushi ya ƙara masa wannan amfani. Ƙwarya ma haka take, ko da yake ba ta kai shi kauri ba, kuma an fi ajiye ta don fura da nono da kunu.

Faifai, wanda mata ke saƙawa da kaba da ciyawa, shi ne marufi. Yana tare iska da ƙura da ƙuda, yana kuma barin tururi kaɗan ya fita, don haka ruwa ba ya taruwa a ƙarƙashinsa ya ɗiga a kan tuwo ya jiƙa shi. Idan tafiyar da nisa, akan kifa wani akushin a kan na farko, a ɗaure da ƙyalle.

Shi kansa tuwon yana taimakawa. Malmalar da aka kwasa da mara aka mulmula dunƙule ce mai nauyi, bayanta kaɗan ne idan aka gwada da cikinta, saboda haka tana daɗewa ba ta huce ba. Tuwon shinkafar fadamar Rima, da na gero da na dawa, duk suna yin ɓawo a sama wanda ke kare na ciki. Miya ita ce mai saurin hucewa, shi ya sa ba a zuba ta sai an zo ɗauka. Tukunyar miya takan zauna a gefen murhu har sai yaro ya shigo ya ce maigida ya dawo.

Rushi da Ɗumame

Wannan ya kai mu ga hanya ta biyu, ta ci gaba da ba abinci wuta. Murhun duwatsu uku ba ya mutuwa da zarar an janye itace. Garwashi da toka mai zafi, watau rushi, suna riƙe da zafi sa'o'i da yawa, tukunyar ƙasa kuma tana ɗaukar zafi a hankali ta sake shi a hankali. Uwargida ta san inda za ta ajiye tukunya, kusa ko nesa da rushi, gwargwadon daɗewar da ake tsammanin mai abincin zai yi. Mahauta sun san wannan dabara a wajen gida. Tukubar mai tsire tudun toka ce da wuta a tsakiya, ana gasa nama kusa da wutar, wanda ya gasu a matsar da shi baya inda zafin bai kai na gashi ba, ya jira mai saye.

Abin da ya kwana kuwa, hukuncinsa ɗumame. Da safe akan yanka tuwon jiya a sa a tukunya da ruwa kaɗan, ko a cikin miyar da ta rage, a tafasa shi sosai. Ɗumame shi ne karin kumallon yawancin gidaje, musamman da hunturu, lokacin da sanyin asuba a Sakkwato kan sa mutane jin wuta a tsakar gida. Miya ma ba a barin ta ta kwana sai an tafasa ta kafin a kwanta, domin an san idan ba a yi haka ba za ta yi tsami. Duk wannan aiki a kan mata yake, tun daga daka da surfe har zuwa tsaron tukunya cikin dare. Shehu Usmanu da kansa, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morar su kamar kayan aikin gida. Tarihin mazubin abinci, ta wata fuska, tarihi ne na sa'o'in da mace ke kashewa a gindin murhu.

Zuwan Kwano

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa ƙarasawa Sakkwato ba. Don haka kayan kamfanonin Turawa, irin su UAC da John Holt, sai an sauke su a tashar jirgi sa'an nan a ɗauko su a mota ko a kan dabbobi. Cikin waɗannan kaya akwai kwanukan ƙarfe masu fenti mai ƙyalli, waɗanda Hausawa suka raɗa wa sunaye gwargwadon girma da siffa: langa, fanteka, samira da sauransu. Da farko daga Turai ake kawo su, daga baya Japan da Hongkong suka karɓe kasuwar. Wajen 1960 aka fara ƙera su a cikin Nijeriya, a Ikeja da Kano da Fatakwal, yawanci da jarin 'yan kasuwar Hongkong, sai kuɗinsu ya sauko har talaka ya iya saya.

Kwano ya kori akushi cikin 'yan shekaru, kuma dalilan a fili suke. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin wankewa, ba ya tsagewa, yana da marufi nasa mai zama daidai, ga kuma ado. Jeren ɗakin amarya, wanda da ƙore ne da tasoshi, ya koma jeren kwanuka har rufin ɗaki, ya zama ma'aunin arzikin iyayenta da kuma ajiyar da za ta iya sayarwa ranar buƙata. Amma ta fuskar riƙe zafi, kwano ci baya ne. Ƙarfe siriri yana sakin zafi nan da nan, marufinsa kuma yana tara gumi ya zubo a kan tuwo. Mata suka nemi dabara: a naɗe langa da tawul ko tsohon zane, a sa ƙaramin kwano cikin babba, ko a ɗora kwanon miya a kan tukunyar ruwan zafi. Dattawa da yawa sun ƙi rabuwa da akushinsu, suna cewa tuwon kwano ba ya daɗi, kuma ba gardama kawai suke yi ba, sun lura da abin da ke faruwa ne.

Albashi, Ofis da Kula

Sauyi na gaba ya zo ne tare da aikin gwamnati. A 1967 Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 ta zama ta Jihar Sakkwato, a 1975 kuma aka kafa jami'a, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Garin ya cika da ma'aikata waɗanda agogo ke sarrafa cin abincinsu. Ma'aikaci ba ya tashi ofis sai kusan la'asar, 'yan makaranta suna dawowa a wani lokacin daban, mai jinya a asibiti yana jiran a kai masa daga gida, matar gida kuma wataƙila ita ma malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, ya sa gidajen ma'aikata da yawa suka sayi risho da firji da fulas. Risho kuwa ba shi da rushi, da an kashe shi zafi ya ƙare, don haka tsohuwar dabarar gefen murhu ta faɗi a irin waɗannan gidaje.

Fulas ya samo asali ne daga ɗakin gwajin kimiyya. Wani masani ɗan Sikotilan, James Dewar, shi ya ƙirƙiro shi a Landan a 1892 don ajiye iskar da aka mayar ruwa mai tsananin sanyi. Kwalba ce mai bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, an shafe su da abu mai ƙyalli, ta yadda zafi ba ya samun hanyar shiga ko fita sai ta baki. A 1904 aka fara sayar da shi ga jama'a a Jamus da sunan Thermos. A ƙasar Hausa ya zama abokin ruwan shayi da kunu da koko, musamman da azumi, da kuma ɗakin mai jego.

Tuwo da shinkafa kuwa sai da kula ta zo, wadda ta bazu daga shekarun 1980 zuwa na 1990. Abin mamaki, sunan ya fito ne daga kalmar Ingilishi mai nufin abin sanyayawa, domin asalin akwatin na ajiye ƙanƙara da lemo ne, amma bangon da ke hana zafi shiga shi ne ke hana shi fita. Kula tana da ciki na ƙarfe ko roba, da baya na roba, da wani abu kamar soso a tsakani wanda ke cike da ƙananan ramukan iska. Watau ta komo da hikimar akushi cikin sabuwar siffa. Tare da ita aka shigo da ɗaure malmalar tuwo a leda, aka kuma sauya kayan ɗakin amarya karo na biyu, saitin kuloli ya hau kan kabad inda langa take a da. A yau da wuya a yi biki ko suna ko buɗa-baki a masallaci a Sakkwato ba a ga manyan kuloli ba.

Durowar Ɗumi da Matsalar Wuta

A ƙasashen Turai da Amurka tarihin ya bi wata hanya. Manyan murhunan ƙarfe na ƙarni na 19, masu cin kwal ko itace, suna da wani ɗan akwati a sama ko a gefe wanda zafin murhu ke ɗumamawa, inda ake ajiye faranti da abincin wanda bai dawo ba. Da lantarki ya maye gurbin kwal, sai akwatin ya zama na'ura mai zaman kanta, watau durowar ɗumi. Durowa ce ta ƙarfe da ake ginawa cikin kabad ɗin kicin, a ƙarƙashinta akwai waya mai ɗaukar zafi, da wata na'ura mai kashe wutar idan zafi ya kai inda aka saita, ta kunna idan ya sauka. Yawancinsu suna aiki ne daga wajen digiri 30 zuwa 80 da 'yan kai a ma'aunin Salshiyas, wasu kuma suna da 'yar kafa da ake buɗewa don tururi ya fita idan soyayyen abu ne, a rufe idan mai ruwa ne. Ƙa'idar amfani da ita ita ce a kunna ta ta yi zafi tukuna, a sa abincin da ya riga ya dahu yana da zafinsa, a rufe shi. Ba a yi ta don ɗumama abin da ya huce ba, domin zafinta a hankali yake hawa.

Idan aka lura, wannan ita ce dabarar rushi da tukuba, sai dai an sa mata ma'auni. Abin da ya hana ta yaɗuwa a Sakkwato, ban da tsada, shi ne wuta. An gama madatsar Kainji a 1968, an kafa hukumar NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta da aka soma a 2013 kuma Sakkwato ta faɗo ƙarƙashin kamfanin da ke Kaduna. Duk tsawon waɗannan shekaru ba a kai ga matsayin da magidanci zai dogara ga lantarki dare da rana ba. Na'urar da amfaninta ya rataya ga wuta marar yankewa na sa'a uku ko huɗu ba za ta ja da kula ba, wadda ba ta cin komai. Shi ya sa masu sayar da abinci suka fi son faranti mai ruwan zafi a ƙasa da 'yar fitila, ko kurfoti da gawayi.

Turawa ma sun san hanyar tsare zafi. A baje kolin Faris na 1867 an nuna wani akwati daga Norway mai shimfiɗe da abin tsare zafi, wanda ake sa tukunya a ciki bayan ta tafasa, abinci ya ƙarasa dahuwa ba wuta. An yi amfani da irinsa, mai cike da busasshiyar ciyawa, a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu saboda ƙarancin makamashi. A nan gida, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a jami'a a 1982, ta ƙera murhunan itace masu tsimi da akwatunan girki da hasken rana. Waɗannan sun fi dacewa da yankin da ya ga farin 1972 zuwa 1974, inda itacen girki ke ƙara nisa da tsada kowace shekara.

Zancen Lafiya

Akwai abin da ya wajaba ɗalibai da ma'aikata su riƙe daga wannan tarihi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa ƙwayoyin cuta suna hayayyafa cikin sauri a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da digiri 60, don haka dafaffen abinci ya zauna sama da 60, kada kuma a bar shi a fili fiye da sa'a 2. A Sakkwato, inda zafin rana kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, iskar ɗaki kanta tana tsakiyar wannan haɗari. Shinkafa ta fi kowane abinci buƙatar kulawa, saboda wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda irinta ke tsira daga dahuwa, ya tsiro idan shinkafa ta yi ɗumi-ɗumi, ya saki dafin da ke sa amai. Likitoci a Ingila sun gano haka a 1971 daga masu cin soyayyiyar shinkafar da ta kwana a waje. Wannan dafi ba ya mutuwa ko an sake tafasawa.

A nan ne kula take da aibin da akushi ba shi da shi. Wanda ya ga tuwo a akushi ya san ya huce, sai ya sa a tafasa. Kula kuwa tana iya riƙe abinci da ɗumi-ɗumi tun daga azahar har tsakar dare, mai shi yana ganin lafiya lau, alhali zafin ya daɗe da sauka ƙasa da 60. Maganin abin ba shi da wuya. A ɗauraye kula da tafasasshen ruwa kafin a zuba, a zuba abinci kai tsaye daga tukunya, a cika ta, domin wadda ba ta cika ba ta fi saurin hucewa, a rage buɗe ta. Idan an buɗe ba a ga tururi ba, a mayar da abincin tukunya ya tafasa. Shinkafar da ta wuni da ɗumi-ɗumi kuwa, zubar da ita ya fi kuɗin asibiti sauƙi. Mai durowar ɗumi shi ma ya sani cewa da an ɗauke wuta ta zama akwatin ƙarfe kawai.

Kammalawa

An ga yadda tsarin gida da ciyayya da karɓar baƙi suka sa abinci jira a Sakkwato tun ƙarni na 19, da yadda akushi da faifai da rushi suka biya wannan buƙata, da yadda kwano ya zo da ado da sauƙi amma ya rage zafi, har kula ta dawo da abin da aka rasa. An kuma ga cewa durowar ɗumi tana jiran tsayayyiyar wuta kafin ta zama ta kowa. Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa da na tarihi, domin masassaƙan akushi da masu saƙar faifai suna ƙarewa, sunayen kwanuka da na kuloli kuma suna sauyawa da kowane yayi ba tare da an rubuta su ba. Tsofaffin matan da suka yi jere da ƙwarya, suka aurar da 'ya'yansu da langa, suka kai jikokinsu ɗaki da kula, suna nan a Gidaɗawa da Ƙofar Rini da Mabera, kuma a bakinsu ne za a samu sauran wannan tarihi.